Jan Lalle a Darasin Lissafi

Matar da aka turo ta koya mana sabuwar dabarar koyarwa ta ce sunan abin juya aji. Wai bayanin da malami ya saba yi a gaban allo, ya ɗauke shi a bidiyo, ɗalibai su kalla a gida, in sun zo aji kuma a zauna a yi aikin da a da ake ba su su tafi da shi. Ta haska mana misali a bango. Wani Bature ne a ɗaki shiru, ga haske, ga tukunyar fure a bayansa, yana murmushi yana zana alwatika. Na dube shi, na dubi malaman da suka rage mana, waɗanda ko benci biyu ba su cika ba, na ce a raina wannan bawan Allah bai taɓa zama gida ɗaya da akuya ba.

Ban yi musu ba dai, don ba mu da wata hanya. Shekarar ce aka rufe makarantu a Maiduguri, ajujuwanmu suka koma ɗakunan kwanan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. A ajin da nake koyar da lissafi, igiyar shanya ce ta ratsa daga allo zuwa taga. 'Yan matanmu na ajin ƙarshe kuwa, jarrabawar fita ba za ta jira su ba. Shugabar makaranta ta samo aron wani ɗaki a wata unguwa, inda suke zuwa jifa-jifa da safe, ba kayan makaranta, littafi a ƙasan leda an rufe shi da alayyafo. Kafin a gama gaisawa a buɗe littafi, lokacin tashi ya yi. Mu uku ne malaman lissafi a da. Ɗaya ya koma garinsu, ɗayan kuma yaran nan suka harbe shi a ƙofar gidansa. Haka muke kiransu a lokacin, yaran nan, ba mai ambaton sunansu ko a cikin ɗaki. Ni kaɗai na rage.

Matsalar ita ce, a sanin unguwarmu ni na daina koyarwa. Bayan kisan abokin aikina, maigidana ya kwashe mu daga Ajilari muka dawo gidan mahaifiyarsa a Umarari, ya bi mutane yana faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba cewa matarsa ta ajiye aikin boko ta kama sayar da turaren wuta. Turaren kuwa ina sayarwa, don kada a kama mu da ƙarya. In zan fita sai in ɗauki jakar kwalabe, alli yana can ƙasa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ya faɗe shi ba alamar wasa a fuskarsa: ranar da wani a unguwar nan ya gane har yanzu ina koyarwa, ranar zan ajiye aikin da gaske. Ban ga laifinsa ba, shi ne ya je jana'izar ya ga 'ya'yan mamacin. Amma in na ajiye, 'yan matan nan za su shiga jarrabawa ba wanda ya nuna musu rabin abin da za a tambaye su.

To ga shi yanzu an ce mace mai ɓuya ta ɗauki kanta a bidiyo ta raba wa gari. Fuska dai ba a ma maganarta, na ce hannu kawai za a gani yana rubutu a takarda. Murya ma ba ta yiwuwa, don duk Umarari an san muryata, ni ba na iya kiran yaro a hankali. A nan ne abokiyar aikina ta shigo. Malamar Turanci ce, Kirista 'yar kudancin Borno, muna ce mata Madam. Gidanta yana kusa da shingen sojoji, kuma ta ce ita kowa ya san aikinta tun tana budurwa, ba abin da za ta ɓoye. Ta ce in kawo hannu, ta kawo murya. Na yi mata godiya har da ƙwalla. Ban san cewa matar nan tun tana firamare take gudun lissafi ba.

Sai ta riƙa zuwa gidanmu da hantsi a matsayin mai sayen turare, ta naɗa lafayar aro, wadda kullum rabinta yana jan ƙasa. Duk zuwa sai ta fita da kwalba a hannu saboda idon mutane. Daga baya ta ce mini gidanta ya cika da turare har mijinta ya fara tari.

Abin ɗora waya ya fara ba mu wahala. Madam ta riƙe, hannunta yana rawa, rubutun yana lilo. Muka jingina ta da butar shayi, ta zame. Ƙarshe idona ya faɗa kan kabbasar surukata, wannan kwandon saƙa mai kama da keji da ake kifawa a kan kaskon turare a shanya tufafi su sha ƙamshi. In ka ɗora waya a samanta, idon wayar ya leƙa ta rami, takarda tana ƙasa, sai ka ce don aikin aka saƙa ta. Sai dai ba ƙofar da hannu zai shiga. Na ɗauko wuƙa na yi mata ƙofa.

Surukata, Hajja, Kanuri ce ta asali, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta san abin da muke yi a ɗaka, ba ta taɓa cewa a yi ko a bari ba. Da ta ga kabbasar ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Da wannan aka kawo ni gidan nan," in ji ta.

"Hajja, ki yi haƙuri, zan saya miki sabuwa."

"Ka saya mini sabon aure ma."

Ta juya ta fita. Kwana da kwanaki in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

Aikin kansa kuwa, Allah Ya sani, ban taɓa yin abin da ya cinye mini rai irinsa ba. Ba mu iya yanke bidiyo ba, ba mu san ma ana yankewa a waya ba, saboda haka kuskure ɗaya sai a koma farko. Ina rubuta wa Madam abin da za ta faɗa, ita kuma ta karanta shi da gudu kamar ana bin ta.

"Madam, ki jira hannuna mana! Kin kai amsa, ni ko tambayar ban gama rubutawa ba."

"Ke ma ki ɗaga hannu, Malama. Abin nan tsoro yake ba ni, so nake in fita daga cikinsa."

"Kuma na hana ki ce mini Malama a gidan nan."

"Yi haƙuri, Hajiya mai turare."

A koma farko. In ta rage gudu sai ta shiga ba 'yan mata shawara daga kanta, wai kada su damu in ba su gane ba, ita ma ba ta gane ba. A koma farko. In mun samu ta tafi daidai, sai ladanin masallacinmu ya gwada lasifika da wannan tarin nasa da ko jariri a unguwar ya san shi, kuma duk wanda ya ji zai san a ina aka ɗauka. A koma farko. Jirgin yaƙi ya wuce, mu tsaya. Wani abu ya yi ƙara daga nesa, mu yi tsit muna kallon juna har mu tabbatar ba kusa ba ne, sannan Madam ta yi gyaran murya mu koma farko. Ga wuta babu, in caji ya ƙare sai in zare memori in aika wayar rumfar mai caji a bakin titi, aikin ranar ya tashi ke nan.

Duk waɗannan da sauƙi a kan Hajja. Da ta huce, sai ta tuna cewa baƙuwa tana gidanta, kuma baƙuwa ba ta zama ba a gaishe ta ba. Muna tsakiyar darasi, na kusa kai ƙarshen shafi ba kuskure ko ɗaya, sai mu ji sallama a bakin labule. Sallama kuwa dole a amsa. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta gyara lafaya, ta fara da sannun Kanuri.

"Wushe, Madam, wushe. Ka zo lafiya? Maigida fa? Yara fa? Zafi fa? Hanya fa? Sojoji ba su tsare ka ba?"

Madam tana amsawa ɗaya bayan ɗaya da lafiya lau ɗin Kanuri, "Kalewa, Hajja, kalewa," har da rusunawa, ni kuma ina zaune hannuna a cikin kabbasa, biro a tsaye, kaina yana hayaƙi. In ta kai ƙarshen gaisuwar sai ta ɗan yi shiru, ka ce ta gama, sai ta sake ɗaukowa daga maigida. Na taɓa roƙonta ta bari sai mun fito. Ta dube ni kamar na ce ta daina sallah.

Ga kuma ragon layya da maigidana ya saya da wuri ya ɗaure a gindin tagata. Ragon nan yini yake shiru, sai ya ji Madam ta ce "'yan mata, barkanku da war haka" sannan ya tuna yana da baki. Shi kam mun gaji mun bar kukansa a cikin bidiyon, don rago ba shi da unguwa.

Da haka dai muka tara darussa. In na je ɗakin aro sai in ba 'yan matan memori, su tura wa juna ta bulutut, wadda ba ta da waya ta ari ta yayanta. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, dabarar Baturen nan ta yi aiki. Yarinyar da a da in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, yanzu ta kalli abu sau biyar a gida, ta zo tana yi mini gardama. Har suna kwaikwayon ragon in wata ta ba da amsa ba daidai ba. Saura babi ɗaya mai wuya, lissafin da ake neman lambobi biyu da ba a sani ba a lokaci guda, kuma shugaba ta ce lalle ya shiga hannunsu kafin Babbar Sallah, saboda da sallah ana hana motoci yawo a gari, ba wanda ya san yaushe za a sake haɗuwa.

Ana cikin haka bikin ƙanwar maigidana ya taso.

A Borno ba a biki da farin hannu. Mai yi wa unguwarmu lalle wata tsohuwa ce Shuwa, kowa Kaka yake ce mata. Jan lalle take yi, irin wanda ake yanka salatef da reza a fitar da zane, a manna a hannu, a shafe da lalle a ɗaure, in an ɓare zanen ya fito. Abin alfaharinta a duniya shi ne ba ta maimaita zane. Wanda ta yanka wa mace, na matar ne, ko amarya ta roƙa ba za ta sake shi ba. Shi ya sa a wurin biki mata suke bin hannun juna da kallo, kowa ta san na kowa.

Na ce ni a bar ni, ina da aiki. Hajja ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ƙanwar mijinka ake kaiwa ɗaki, ka fita da hannu fari kamar mai takaba? Mutane su ce me?"

"Hajja, kin san hannun nan shi ne yake fitowa a..."

"Ban san komai ba. Zauna."

Na zauna. Kaka ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce yatsuna dogaye ne, ta yanka mini reshen dabino da ya taso daga wuyan hannu ya ƙare a yatsan tsakiya, da 'yan taurari a gefe guda. Da aka ɓare, lallen ya kama jawur. Ranar biki ba macen da ba ta kama hannun nan ta yaba ba, ni ma kuma na ji daɗi, har ina ɗaga shi ba dalili.

Washegarin kai amarya na zura hannu a kabbasa, Madam ta leƙa waya ta ce, "Yesu! Hajiya mai turare, wannan ai katin shaida ne."

Ba abin da ban goga ba. Lemun tsami, toka, sabulun wanki, har kananzir. Fatar ta yi zafi, reshen dabino yana nan daram. Na sa baƙar safar hannu, biro ya riƙa zamewa, Madam kuma ta ce 'yan mata za su zaci ɗan fashi ne yake koya musu lissafi. Muka ce to ita ta rubuta da nata hannun. Ta kwafi layin farko daidai, a na biyu ta tsallake alamar ragewa don wai ta zaci datti ne a takarda. Na dafe kai. Sallah tana matsowa, jan lalle kuwa ba ya barin hannu da wuri. Ƙarshe muka ɗauka haka nan. Na duba a ƙaramar wayata mai tsagaggen gilashi, na ga ja-ja ne kawai, na ce ba mai ganewa.

Abin da ban sani ba, darussan nan sun daɗe da fita daga hannun ɗalibaina. Wata ta kai wa mai caji ya kwafa mata, shi kuma ya ga ana nema, sai ya haɗa su cikin abin da yake zuba wa mutane a memori, tsakanin wa'azi da waƙoƙin biki. Kuma ba kowa ne yake da waya mai tsagaggen gilashi irin tawa ba.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida ce ta fara. Ta zo sayen turare, na miƙa mata kwalba, sai ta riƙe hannuna maimakon kwalbar. Ta dube shi, ta dube ni.

"Lallen nan ya kama ki, maman yara," in ji ta. Sannan ta rage murya. "'Yata ta ce in gaishe da mai hannun. Wai sai yanzu abin ya shiga kanta."

Na janye hannuna. 'Yarta ba ma a makarantarmu take ba. Na ce ban gane maganar ba, ta ce ita ma ba ta ce komai ba, ta ɗauki turarenta ta fita.

Ban faɗa wa maigidana ba, amma ba a jima ba ya dawo daga sallar la'asar ya wuce ɗaki ko takalmi bai cire daidai ba. Ya kira ni. Ya ce mai caji yana ba da labari a majalisa cewa wasu samari biyu, ba 'yan unguwa ba, sun zo rumfarsa da bidiyon suna tambaya ko ya san matar, don an ce musu lallen aikin Kaka ne ta Umarari. Mai caji ya ce bai sani ba, kuma da gaske bai sani ba, har ya nuna wa majalisa abin a waya. Maigidana ya ga hannun matarsa yana yawo daga wannan zuwa wancan.

"Baban yara, wataƙila fa yayyen wata ɗaliba ne, suna neman mai koya mata."

"Wataƙila," in ji shi. "Kina so mu zauna mu jira mu gani?"

Ya ce magana ta ƙare. Ba fita, ba Madam, hannuna ya zauna cikin lafaya ko a tsakar gida, bayan sallah kuma in rubuta takardar ajiye aiki. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na samu abin kamawa.

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. In an taɓa ƙofar gida sai in shige ɗaki. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na yi watanni ina ɓoye fuska, na ari muryar wata, na jure ladan da rago, sai a ce lallen biki ne ya tona ni. Surukata ba a yi mata faɗa, saboda haka tukwane suka sha. Ina wanke-wanke ina buga su, ina faɗa wa bango cewa ni dai na ce a bar ni, na ce ina da aiki, aka ce mutane za su ce me, to ga shi yanzu mutane sun ce. Hajja tana zaune a tabarmarta tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Can ta tashi ta naɗa lafaya ta fita, ita da sai rasuwa ko suna suke fitar da ita.

Haka ta yi ta fita a kwanakin nan, safe da yamma. Na ce lalle tsohuwar nan ko a jikinta, ni ina nan a tsare, ita tana yawon shirin sallah. Na kuma ji ta katanga Kaka ta zo gidan maƙwabta yin lallen sallah, mata sun cika gidan ana ta hira, ba wadda ta leƙo ta ce mini ci kanki. Na ce shi ke nan, an fara guduna.

Ranar sallah gari ya yi tsit ba mota, kowa a ƙafa. Aka yanka ragon nan, kuma in faɗi gaskiya ban yi kewarsa ba. Washegari aka shiga rabon nama. Yarinyar farko da ta shigo da faranti, na miƙa hannu ta cikin lafaya zan karɓa, sai na ga reshen dabino a bayan hannunta, daga wuyan hannu zuwa yatsan tsakiya, da taurarinsa. Abin da ya fara zuwa raina, Allah Ya yafe mini, shi ne Kaka ta ci amanata, ta ba 'yar ƙanƙanuwar yarinya zanena. Sai maƙwabciyar bayan gida ta shigo, ta ɗaga hannu tana gyara ɗankwali a hankali yadda ba zan kasa gani ba. Reshen dabino. Matar liman ta shigo, reshen dabino. Mai ƙosai ta bakin layi, amaryarmu da ta zo gaida uwarta, 'yan matan gidan mai shayi, duk shi ne. Wasu ya kama, wasu ya yi fari-fari, na wata ma a karkace yake, da gani Kaka ta gaji. Ba wadda ta ce mini komai a kai. Barka da sallah kawai, a ajiye nama, a ɗauki nama, a fita.

Na tsaya a tsakar gida da faranti a hannu har sai da abin ya gama shiga kaina. Sannan na nufi madafa.

Hajja tana gaban murhu tana juya suya. Tun rasuwar mijinta ba ta ƙara yin lallen zane ba, na tsofaffi take yi, a dunƙule a tafin hannu. Ranar nan hannun da yake riƙe da matsami, mai jijiyoyi da tamoji, reshen dabino ne a kansa.

"Hajja, kun san abin da kuka yi kuwa? In da gaske nemana ake yi, yanzu ai kun sa kowa a ciki. Har da yara!"

"An faɗa wa kowa. Wanda ya ji tsoro bai yi ba." Ta juya nama. "Sai su nemi Umarari duka."

"Kaka fa? Ita da ba ta maimaitawa?"

"Na zauna a gidanta har ta gaji da ganina." Ta tsame nama ta zuba a kwando, ba ta dube ni ba. "Ni na sa ka lallen. Ka ce ba ka so, na ce zauna. To."

Na buɗe baki zan ci gaba da faɗa, don faɗan nake ji, wallahi, wannan wace irin wauta ce a ce mata su raba haɗari a tsakaninsu kamar naman layya. Sai kuka ya zo a maimakonsa. Na durƙusa a gefen murhu ina yi, hayaƙi yana shiga mini ido. Hajja ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ce in tashi in kawo gishiri.

Maigidana ya gani da yamma, lokacin da ta miƙa masa kwanon suya. Ya daɗe yana kallon hannun mahaifiyarsa. Ya riga ya ga na matan layi a hanya, ya san abin da ake ciki. Na jira ya ce sharaɗi sharaɗi ne, don ai ya karye, ba mutum ɗaya ba, unguwa ce guda ta sani. Ya ci nama ɗaya, ya ci na biyu.

"Yanzu wa zan ce wa ta ajiye aiki?" in ji shi. "Ku nawa ne malaman?"

"Fara da ni," in ji Hajja.

Bai sake tayar da maganar takarda ba, ni ma ban tuna masa ba. Samarin nan biyu ba mu sake jin labarinsu ba. Har yau ban sani ba ko yayyen wata yarinya ne da suka so ta ci jarrabawa, ko kuwa abin da muka ji tsoro ne. Tsoron bai tafi ranar ba, mun daɗe muna kasa kunne in an buga ƙofa.

Da aka buɗe hanya Madam ta dawo, lafaya tana jan ƙasa, ta tarar Kaka ta ajiye mata nata salatef ɗin a yanke. Ta ce ita in dai ba za a ce ta yi lissafi ba, a manna. Muka koma ɗaki don darasin bita na ƙarshe kafin jarrabawa. Zafi ya hana mu rufe taga, iska kuma ta riƙa ɗaga takardar. Mun kai rabi lafiya sai ga sallama a bakin labule. Na rufe ido, na amsa, na ajiye biro. Hajja ta shigo ta gaida Madam tun daga maigida har sojojin hanya, ta maimaita, sannan ta ga takarda tana tashi. Ta sauko daga bakin gado ta zauna a ƙasa, ta zura hannu ta ƙofar da na yanka wa kabbasarta, ta danne gefen takardar.

"Ku yi," in ji ta. "Na yi shiru."

Ta kuwa yi shiru har muka gama, karo na farko kuma na ƙarshe.

Hajja ta rasu bayan an buɗe makarantu, na koma aji da allo na gaske. Sauran darussan duk sun ɓace, waya ta lalace, memori ya bi ta. Wannan na ƙarshen ne kawai wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini da ta ji rasuwar. Muryar Madam tana gudu kamar kullum, hannuna yana bin ta da rubutu, a gefen hagu kuma ga wani tsohon hannu mai reshen dabino da ya fara koɗewa, ya danne takarda bai motsa ba. Nakan buɗe shi in kalla, kuma ban taɓa duba lissafin ba.